Bashin karatu na NELFUND: wa zai biya idan yarinya ta yi aure ba ta kama aiki ba?

"Assalamu alaikum. Ni manomi ne a Bajoga, ina kuma ɗan taɓa cinikin hatsi. 'Yata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Kashere, ga yayanta kuma yana karatu a Bauchi, nauyin ya yi mini yawa. Ƙawayenta sun ce ta cike bashin NELFUND. Ni kuwa ina tsoron kada a ce akwai kuɗin ruwa a ciki, ko kuma a zo a kama ni idan ba ta biya ba. Sannan idan ta gama aka yi mata aure, ba ta yi aikin albashi ba, wa zai biya? Wani maƙwabcina ya ce in bar ta ta karɓa kawai, kuɗin gwamnati ne, babu mai tambaya."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun yaran, ya kuma buɗa maka. Idan na fahimce ka, kana son sanin girman nauyin da yarinyar za ta ɗauko da kuma kan wanda zai sauka ranar biya. Ina aiki a sashen kula da harkokin ɗalibai na wata babbar makaranta a nan jihar Gombe, kuma tun da aka fara shirin nan na NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rancen karatu, iyaye ke zuwa mana da irin wannan tambaya. Ni ba ma'aikacin NELFUND ba ne, ba kuma malamin fiƙihu ba, saboda haka abin da zan ba ka shi ne abin da doka ta tanada da abin da nake gani a wurin aiki.

Dokoki biyu ne, kuma mutane na cakuɗa su

Yawancin tsoron da ke yawo a gari ya samo asali ne daga dokar farko, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023. Waccan dokar ta ce sai ɗalibin da abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, sai ya kawo masu tsaya masa mutum biyu daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati ko lauyoyi ko alƙalai, sannan ta tanadi ɗaurin shekara 2 ko tarar naira 500,000 ga wanda ya ƙi biya. Ɗan manomi a Bajoga ina zai samo babban ma'aikaci da zai sa hannu a kan bashinsa? Kafin a ba ko mutum ɗaya rance a ƙarƙashinta aka soke ta, aka yi sabuwa wadda aka sa wa hannu ranar 3 ga Afrilun 2024. Ita ce take aiki yanzu, kuma da ita aka buɗe shafin neman rancen ranar 24 ga Mayun 2024, aka fara da makarantun tarayya, daga baya aka haɗa da na jihohi. Makarantu masu zaman kansu ba sa ciki.

Sabuwar dokar ta cire sharaɗin samun gida, ta cire masu tsayawa, ta kuma cire sharaɗin da ke hana ɗalibi rance saboda iyayensa sun taɓa cin bashi ba su biya ba. Don haka babu inda za ka sa hannu, Malam. Ba a karɓar takardar gonarka ko ta gidanka. Yarinyar ce take nema da lambar JAMB ɗinta da NIN da BVN da lambar ɗalibta ta makaranta, bashin kuma yana kan sunanta ita kaɗai. Babu hanyar da doka ta ba asusun ya bi uba ko miji.

Rancen kashi biyu ne. Akwai kuɗin makaranta, wanda ba ya bi ta hannun ɗalibi ko kaɗan, kai tsaye ake tura shi asusun jami'a. Akwai kuma kuɗin ɗawainiya, naira 20,000 a wata, da ke shiga asusun bankinta. Dukansu bashi ne. Na nanata wannan saboda da yawa daga cikin ɗalibanmu suna kiran na biyun "alawus", har wasu na ɗauka kyauta ce aka ɗora a kan rancen. Kowace naira 20,000 da ta shigo ana rubuta ta a kan abin da za a biya. Kuma ba sau ɗaya ake nema a gama ba, kowace shekarar karatu sai an sabunta.

Maganar kuɗin ruwa gajeriya ce: babu. Abin da aka ba ta shi za ta mayar, ko da bayan shekara 10 ne. Wannan shi ne siffar rance mai kyau da malamai ke halattawa, kuma shi ya sa ɗalibanmu na Arewa suka rungumi shirin sosai. Idan kana son natsuwar zuciya, ka sa ta buga sharuɗɗan da ke shafin a takarda, ka kai wa malamin da ka amince da shi ya duba, domin fatawa tasa ce ba tawa ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne lissafin da kai ma ka sani a kasuwa. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Bashin da ba ya ƙaruwa alhali darajar naira na sauka, sauƙi yake yi wa mai biya. Idan farashi ya ci gaba da hawa, buhunan masarar da za ka sayar yau ka biya kuɗin rajista sun fi waɗanda za a sayar nan da shekara 7 a mayar da wannan adadin. Ta wannan fuskar, da ka karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da alkawarin ba shi hatsi da kaka a farashin da ya ga dama, gara wannan rancen nesa ba kusa ba.

Yadda ake biya

Asusun ba ya fara neman kuɗinsa sai shekara 2 bayan kammala bautar ƙasa. Idan karatunta na shekara 4 ne, ka haɗa da shekarar bautar ƙasa da waɗannan biyun, kusan shekara 7 ke nan daga yau, idan yajin aiki bai tsawaita ba. Daga nan mai albashi ana cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa daga wurin aiki, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biyan kashi 10 cikin 100 na ribarsa ta wata. Wanda yake da hali ya biya gaba ɗaya ko kafin lokaci, ba a hana shi ba.

Bari mu yi lissafi da misali, domin kuɗin rajista ya bambanta daga fanni zuwa fanni, sai ka sa ainihin na takardarta a madadin nawa. A ce naira 120,000 ne a shekara. Shekara 4 ya zama 480,000. Idan ta karɓi kuɗin ɗawainiya wata 10 a kowace shekara, 800,000 ke nan. Jimla 1,280,000. A ce ta samu aikin naira 100,000 a wata, ana cire 10,000. Bashin rajista kaɗai zai ƙare cikin wata 48, wato shekara 4. Duka biyun kuwa wata 128, shekara 10 da wata 8. Idan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 take ɗauka, ya haura shekara 15. Ka ga ashe kuɗin da ake ɗauka ƙarami, mai shigowa kaɗan-kaɗan, shi ne kusan kashi biyu cikin uku na bashin.

Shi ya sa shawarar da nake ba iyaye ita ce a raba tambayar gida biyu. Kuɗin rajista, idan biyansa zai sa ka sayar da iri ko dabbar noma, ko kuma ya hana yayanta komawa makaranta, ta karɓa. Na ɗawainiya kuwa sai an zauna an duba. Kai manomi ne, kana iya aika mata masara da wake da shinkafa, abin da ɗan ma'aikaci sai ya saya a kasuwa. Idan da kayan abinci daga gida da ɗan abin da za ka iya turawa za ta rayu, ta nemi na rajista kaɗai. Idan kuwa ba za ta rayu ba, kada kunya ko tsoron bashi su sa ka bar ta da yunwa. Ina ganin 'yan mata da ke shiga jarrabawa ba su karya ba, ina kuma ganin irin mutanen da ke zagaya ɗakunan kwanan ɗalibai mata sun san waɗanda ba su da ko sisi. Naira 20,000 ba ta isar ɗaliba wata guda a yau, amma tana rufa asiri. Kuma tun da duk shekara ake sabuntawa, za ta iya karɓa a shekarar da damina ta yi gardama, ta bari a shekarar da aka samu amfani.

Idan aka yi mata aure

Nan ne zuciyar tambayarka, kuma nan ne na fi son mu daɗe. Aure ba ya goge bashin, ba ya kuma mayar da shi kan miji. Yana nan a kanta. Sai dai halin da za ta samu kanta ne zai nuna yadda za a biya.

Idan ta kama aiki, ko da koyarwa ce a makarantar kuɗi ta unguwa, kashi 10 na albashin ne. Idan tana sana'a a cikin gida, ɗinki ko kiwon kaji ko sayar da atamfa ta WhatsApp kamar yadda matanmu da yawa ke yi, to mai sana'ar kanta ce a idon doka, kashi 10 na ribar ya hau kanta. Idan kuwa babu aiki babu sana'a, ba ta samun komai, dokar 2024 ta ba ta damar neman a ɗaga mata ƙafa ta hanyar kawo takardar rantsuwa cewa ba ta aiki kuma ba ta da wata hanyar samu. Ɗaga ƙafa ne, ba yafewa ba. Ranar da samu ya zo, biya ya dawo. Yafewa doka ta tanade ta ne ga wanda ya rasu ko wanda wata ƙaddara ta same shi har ya kasa biya.

Ɗaurin da ya rage wa mai cin bashin a sabuwar dokar yana nan ne daidai: wanda ya yi rantsuwar ƙarya ga asusun, ya ce ba ya samun komai alhali yana samu, laifinsa na iya kai shi ɗaurin shekara 3. Talauci ba ya kai mutum kurkuku a wannan dokar, ƙarya ce ke kai shi. Abin da nake ji wa 'yan matanmu tsoro shi ne ranar da wani zai ce mata, ai ke matar aure ce, je ki rantse kawai, alhali tana juya kuɗi a asusunta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, kuma na sha ganinsa. Yarinya ta karɓi rance shekara 2, sai miji ya fito, aka ɗaura aure da alkawarin baki cewa za ta ci gaba, daga nan ciki ya zo, ko mijin ya ce nisan ya yi yawa, karatun ya tsaya. Ta fita da bashi ba ta fita da takarda ba. Kuɗin da aka biya wa makaranta ba ya dawowa don ɗalibi ya bari. A wurina wannan ne haɗarin gaske ga 'yarka, ya fi duk abin da ka lissafa. Idan ka san a ranka cewa da zarar mai nema ya fito za ka cire ta, kada ta karɓi ko naira ɗaya. Idan kuwa ka yarda ta karɓa, to ka ɗauki alkawari da kanka cewa sai ta kai ƙarshe. Duk wanda ya zo neman aurenta a tsakiyar karatu, a faɗa wa magabatansa a fili cewa tana da bashin karatu na adadi kaza, kammala karatun sharaɗi ne, kuma za a bar ta ta yi aiki ko sana'ar da za ta biya. A yi maganar a gaban shaidu lokacin da ake maganar sadaki, lokacin da kowa ke jin kunyar kowa. Mijin da ya ce shi zai biya mata, madalla, amma a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Ita ma yarinyar ka zaunar da ita kafin ta danna komai. Shekarunta ƙila ba su wuce 18 ko 19 ba, za ta ɗauki nauyin da zai bi ta har ɗakin mijinta. Ta ji lissafin nan daga bakinka, ta amince da saninta.

Maganar maƙwabcinka

Na san inda ya samo ta. A 1972, zamanin Janar Gowon, an kafa hukumar ba ɗalibai rance, aka raba kuɗi, amma kaɗan ne aka iya karɓowa, har shirin ya durƙushe. A 1993 aka yi dokar kafa Bankin Ilimi, shi ma bai je ko'ina ba. Waɗanda suka ci wancan bashin suka ƙi biya sun yi digirinsu sun wuce, ƙannensu da 'ya'yansu ne suka shafe shekaru masu yawa babu inda za su ranta.

Amma zamanin ya canja. A wancan lokacin mutum yana iya sauya gari ya ɓace, fayil ɗinsa na cin ƙura a wani ofishi a Legas. Yau rancen yana ɗaure da BVN da NIN. Cikin sharuɗɗan da ɗalibi ke amincewa da su a shafin akwai izinin da ake kira GSI, tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a 2020, wanda ke ba mai bin bashi damar cire kuɗi daga duk wani asusun da ke haɗe da BVN ɗin wanda ya ƙi biya. Doka kuma ta ɗora wa masu ɗaukar aiki su bincika ko sabon ma'aikaci yana da wannan bashin.

Ko da a ce babu mai tambaya a duniya, ni ba zan ba ɗan Musulmi shawarar ya karɓi rance da niyyar cinyewa ba. Kuɗin nan daga harajin jama'a yake, kuma abin da aka mayar shi ake ba na baya. Hadisi ya tabbata cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kamar yadda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Dokar ta ba da jinkirin, saura namu ɓangaren. Yaran Bajoga da ke firamare yanzu, ko za su tarar da asusun da rai, ya danganta da abin da su 'yarka za su yi idan lokacin biya ya zo.

Abubuwan da ke ba ɗalibai wahala

Mafi yawan waɗanda nemansu ke maƙalewa a wurinmu, saɓanin suna ne. A JAMB ta sa sunan mahaifi, a NIN an sa na kaka, a banki an juya jerin sunayen, ko an rubuta Muhammad a nan Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta bambanta. Ta jera takardun uku ta duba harafi da harafi kafin ta fara, domin gyaran NIN yana cin lokaci. Sannan sai jami'a ta tura bayananta ga NELFUND kafin shafin ya gane ta. Idan ya ce bai san ta ba, ofishin da makaranta ta ware don wannan aiki za ta je, ba shagon intanet ba.

Neman kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya sa a amince da wuri, ɗan damfara ne. Idan dole sai ta je shagon intanet, ta yi amfani da lambar wayarta da imel nata, ta zauna a wurin har a gama, kada ta bar wa kowa kalmar sirrinta ko lambar da banki ke turowa ta waya. Asusun da za a sa ya zama nata, da sunanta. Na ga ɗalibin da mai shago ya sa masa imel ɗin shagon, shekara ta zagayo ya kasa shiga ya sabunta.

Sai matsalar lokaci, wadda ta fi shafar sababbin ɗalibai. Sau da yawa makaranta na rufe rajista kafin kuɗin asusun ya iso. Saboda haka ka yi tanadin rajistar shekarar farko daga aljihunka idan da hali, ko da za a mayar maka daga baya. Ƙa'ida ita ce idan ɗalibi ya riga ya biya sannan NELFUND ya turo, makaranta ta mayar masa da nasa. A 2025 an yi ta ƙorafi a faɗin ƙasar nan cewa wasu makarantu na karɓar kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, har hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta shiga bincike. Don haka ta adana rasit da lambar Remita, wato lambar biyan kuɗi da ta biya da ita, ta riƙa duba shafinta, ranar da ya nuna an biya ta ɗauki hotonsa ta rubuta takardar neman a mayar mata zuwa ofishin kuɗi na jami'a. Kuɗin da aka tura da sunanta bashi ne a kanta ko ta amfana da shi ko ba ta amfana ba, bin sawunsa haƙƙinta ne. Ta samu littafi guda ta riƙa rubuta duk abin da ya shigo da ranarsa.

Tallafin da ba a mayarwa

Kafin rance da bayansa, a nemi tallafi, domin shi kyauta ne. Jihar Gombe tana da hukumar ba da tallafin karatu ga 'yan asalin jihar, haka ma Bauchi. Abin da suke bayarwa ba ya ɗaukar nauyin karatu duka, kuma ba ya zuwa a kan kari, amma duk abin da ya shigo yana rage abin da za a ranta. Akwai hukumar tallafin karatu ta tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, akwai asusun bunƙasa fasahar man fetur, wato PTDF, ga masu fannonin da suka shafi man fetur da injiniyanci, akwai gidauniyar MTN ga masu kimiyya da fasaha, Hukumar Raya Arewa Maso Gabas ma ta ba ɗaliban yankin nan tallafi. Galibin waɗannan ba sa ɗaukar ɗan aji ɗaya, sakamakon shekarar farko ko ta biyu suke dubawa, kuma maki mai kyau sosai suke nema. Ka gaya mata cewa jarrabawar zangon farko, wadda sababbin ɗalibai ke wasa da ita suna ganin da sauran lokaci, ita ce za ta buɗe ko ta rufe mata wannan ƙofa.

Yayanta da ke Bauchi, idan makarantarsa ta gwamnati ce, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ce ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ko ta Tatari Ali, shi ma yana da damar nema, kuma bashinsa daban da nata, ɗaya ba ya hana ɗaya. Tun da ya riga ta shiga, shi ne ma ya fi kusa da cika sharaɗin tallafin da ke neman sakamako. Su biyun su karɓi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma daga sakatariyar Funakaye, ƙaramar hukumar da Bajoga take ciki, tun yanzu su ajiye, da hotuna da kwafin takardar gurbin karatu, domin ana buɗe shafukan tallafin nan ne na 'yan makonni a rufe, kuma a lokacin ne layi ke tsawo a sakatariya.